Awon Rigar Salwa

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Asabar ba. Duk Birnin Kebbi ta gani a waya, ba sai na ƙara da nawa ba. Tafin hannuna na dama dai yana naɗe da bandeji, mai kemis ya ce kar in riƙe almakashi sai bayan sati guda. Bai tambaye ni yadda aka yi na yanke ba, alamar shi ma ya gani.

Mata uku suka nemi a mayar masu da yadinsu tun safe, ko alli ban sa masu ba. Na ninke, na saka a leda, na bayar. Ta ukun da kanta ta zo, ta tsaya a zaure ta ƙi shigowa, kamar ina cizo.

Don zanen riguna na sayi littafin nan. Tunda yanzu babu mai son rigata, bari ya ci wani abu dabam.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Bari in rubuta abin da ba a nuna a wayar ba.

Ni da Munira tun firamare muke tare. Shekara shida muka yi a shago ɗaya, ni ce zane da yanka, ita ce baki da murmushi da ɗaukar hoto. Wata takwas ke nan da na ce mata zan koma yin aikina ni kaɗai, in zaɓi wadda zan yi wa ɗinki, in yi aiki lokacin da na ga dama. Har rungume ni ta yi, ta ce Allah ya sa albarka.

Kuma ya sa. A ɗakina nake zane in yanka, mata biyu a Ambursa su haɗa mini a keke, aikin wuya kuma in kai wa Baba Hodi, wani tsoho a Argungu da ke yin sa da hannu tun muna shago. Babu shago, babu mai gadi, babu mai ce mini na makara. Abin da ya ɗaga sunana shi ne aikin wuyan nan da na sa wa suna idon homa. Mahaifina masunci ne a Argungu, na girma ina zama gefensa yana gyaran homarsa, ragar kamun kifi. Bayan ya rasu na zauna na zana wuyan riga mai irin idanun ragar, manya a kafaɗa, suna ƙanƙancewa har su haɗu a ƙirji. Sau goma sha shida ina yaga takarda kafin ya yi.

Sai ranar Asabar na shiga baje kolin mata, na tarar da shi a rumfar Munira. Riguna shida a rataye, da kwali a sama: sabon salo daga Munira. Tana tsaye tana yi wa wasu Hajiyoyi bayanin yadda tunanin ya zo mata a mafarki.

Jakata tana kafaɗata. Kowa ya san abin da tela ke yawo da shi a jaka.

Laraba, 9 ga Oktoba, da safe

Allah ya isa ba ta ishe ni ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun kai ni.

Mijina Malam Nasrullahi bai ɗaga mini murya ba tun ranar. Da ya yi faɗa ma da ya fi. Ya dawo daga Islamiyyar da yake koyarwa ya ce yayansa da mijin Munira sun zauna, maganar rigunanta da na yayyanka ba za ta je wurin 'yan sanda ba, amma sai na je na ba da haƙuri da bakina. Na tambaye shi wa zai ba ni nawa haƙurin. Ya ce mai gaskiya da ya ɗauki almakashi a gaban mutane ya riga ya sayar da gaskiyarsa da arha.

Na zauna a ƙasa a falon Munira. Labulen da ke tagar ni na ɗinka mata shi lokacin da suka tare. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, idona na kan labulen.

Ita kuwa sai ta sauko daga kujera ta dafa kafaɗata, ta dubi mazan ta ce, “Ni na yafe tun a wurin. Duk wanda ya san Riskuwa ya san ba ita ba ce. A dai daure a nema mata magani.”

Mazan suka yi ta sa mata albarka. Wato ni ba wadda aka zalunta ba ce, mai taɓin hankali ce. Ta sace mini zane, yanzu ta haɗa da hankalina, kuma aka ce in yi godiya. Na yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da hantsi

Maƙwabciyata ta kawo mini ruwan addu'a a gora. Inna ta aiko daga Argungu da turaren da ake yi wa masu iska. Na zuba ruwan a gindin zogale.

Wasu mata biyu ma sun karɓe yadinsu.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Yau na je Argungu. Na tsaya a Ambursa na gaya wa matan da ke mini ɗinki babu aiki wannan satin. Ɗayarsu ta yi ta kallon ƙasa, daga baya ta ce an yi masu magana daga wani shago a Birni. Ban tambayi wane shago ba. A hanya ana ta yankan shinkafa a fadama, kowa yana kwasar abin da ya shuka, ban da ni.

Na tarar da Baba Hodi a rumfarsa, da sabon tabarau a fuska, da baƙar shadda a cinya, yana ɗinka idon homa. Ba tawa ba ce shaddar. Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan na tambaye shi yadda aka yi zanena ya bar rumfarsa. Bai ɓoye ba. Ya ce Munira ta zo ta ga wanda yake mini, ta ce a yi mata, shi kuma allura ba ta san mai gida ba.

Na ce masa amana na ba shi. Sai ya ajiye allurar.

“Ɗiyata, takarda kika kawo man. Wata biyu nay yi ina hwaɗa da zaren ga kahin shi kwanta bisa yadi. In an yaba, kin taɓa cewa Hodi na?” Ya taɓa tabaran. “Ita tat tambaye ni mi ad damun idona, tak kai ni wurin likita. Ke shekara nawa kina zuwa nan, sai dai ki ce zare ya karkace.”

Na ƙyale shi, don tsoho ne. Amma da tabarau ɗaya aka saye shi, wannan ita ce maganar. Sauran duk kame-kame ne.

Na biya gida wurin Inna. Ta dafa mini kifi da tuwon shinkafa, ta zauna tana kallona ina ci kamar mai jinya. Ta ce in bar wa Allah. Kowa in bar wa Allah.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Zaren yana karkacewa ɗin. Ba ƙarya na yi masa ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Wannan ce ta fi ciwo.

Hajiya Kulsumi ta zo da kanta. Ita ce babbar mai kawo mini ɗinki, kuma ɗiyarta Salwa za a aurar ƙarshen watan nan. Tun Agusta na auna Salwa don rigar kamu, leshin yana cikin akwatina, ruwan zuma, yadi biyar cif da Hajiya ta taho da shi daga Umara, babu irinsa a kasuwa. Na riga na gama zanen. Rigar da zan nuna wa garin nan ko ni wace ce.

Hajiya ta zauna, ta tambayi hannuna, ta yi mini addu'a. Sannan ta ce dangin ango sun ga abin nan a waya, kuma ba ta son surutu a bikin ɗiyarta ta fari. Ban sa ta ta ƙarasa ba, na ɗauko leshin na miƙa mata. Na san inda za shi.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

An cire bandeji. Tabon ya ratsa tafin hannun daga gindin babban yatsa zuwa ƙaramin. Na gwada yanka tsohuwar atamfa, tabon yana ja kaɗan.

Munira ta sa hoton leshin a shafinta. Mutum ɗari huɗu da wani abu sun yaba.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Hajiya Kulsumi ta kira ni ɗazu, tana ta jan magana don kunya. Salwa tana Zariya tana jarrabawar ƙarshe, ba za ta iso ba sai ana gobe kamu. Munira tana son fara yanka, kuma ba ta da awo. Ko zan taimaka in rubuto wanda na ɗauka a Agusta, direba ya zo ya karɓa?

Na ce ai ba komai, Hajiya, Salwa tawa ce.

Na ɗauko littafin awo na buɗe shafinta. Kafaɗa sha biyar. Ƙirji talatin da takwas. Ƙugu talatin da biyu. Na daɗe ina kallonsa.

Shekara shida ina gaya wa Munira, duk ran da yanka ya faɗo kanta, ta riƙa barin rara a cikin ɗinki, ko inci ɗaya ne, don ranar da za a buƙaci buɗawa. Ba ta taɓa ji ba. Daidai layin alli take bi da almakashi, wai rara tana sa riga ta yi kumburi a hoto.

Na rubuta. Hannuna bai gama warkewa ba, kowa ya sani. A irin wannan hannun takwas tana iya kama da shida, biyu tana iya kama da sifili.

Direba ya zo ya tafi.

Talata, 22 ga Oktoba, da safe

Na yi barci mai daɗi, karon farko tun ranar Asabar ɗin nan.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Malam ya ce ya ga na samu natsuwa, ya gode wa Allah. Har balangu ya sayo mini. Na ci.

Ba ni na ɗauki leshin daga akwatina ba. Ba ni na ce a nemi awo wurin mahaukaciya ba. Tela ta gari tana sake awo kafin ta sa almakashi a yadin da babu irinsa, ko da za ta hau mota har Zariya ne. In ba ta yi ba, laifin wa?

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta sa hoton rigar a jikin mutum-mutumi. Idon homa a wuya, da zaren zinariya. Ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Saura kwana huɗu.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Yau Salwa ta iso. Wayata tana kusa da ni tun la'asar. Shiru.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Da sassafe Hajiya ta kira. Ta ce in yi wa Allah in zo.

Na ɗauki jakata na hau mashin. Gida cike da mata, ana ta girki a tsakar gida, amma da na shiga sai surutu ya ragu. Su ɗin da suka yi ta tura hotona a waya, yau su ne ke matsa mini in wuce. Na taka a hankali don kowace ta gan ni da kyau.

Salwa tana zaune a bakin gado da zane ɗaurin ƙirji, idanunta sun kumbura. Rigar tana shimfiɗe. Zif ya ƙi wuce tsakiyar baya tun jiya, an ja an ja har leshin ya fara buɗewa a hammata. Munira tana tsaye a jikin bango, da gani ba ta runtsa ba. Na juya rigar na duba ciki. Ko rabin inci babu.

Na aika kasuwa aka sayo mini yadin shafi mai santsi, ruwan zuma, na farke gefe biyu daga hammata zuwa ƙugu, na sa ƙari, na yanko furannin leshi daga ƙasan gyale na bi kansa da allura ɗaya bayan ɗaya. Awa huɗu ban ɗaga kai ba. Da Salwa ta saka, zif ya hau kamar an shafa masa mai. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta kama hannuna mai tabon ta riƙe.

Abin da nake so ke nan. Na same shi a gaban idon Munira, kuma wallahi ya yi daɗi.

Abu ɗaya ne. Lokacin da nake sa mata fil, Salwa ta yi luuu za ta faɗi, sai da aka riƙe ta. Ashe tun jiya da rana ba ta ci komai ba, ruwan lemun tsami kawai take sha, wai ko za ta ragu kafin yamma. Wata ƙanwar uban ango tana ɗakin, ta kawo kayan kamu. Na ga yadda ta kalli rigar, ta kalli cikin yarinyar, ta fita.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da hantsi

An ɗaura aure jiya. Mata biyar sun kira ni, biyu daga cikin waɗanda suka karɓe yadinsu. Na ce masu sai na duba ko ina da lokaci.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta zauna ta ƙi tashi. A ƙarshe ta faɗi abin da ya kawo ta. Wai ana cewa amaryar gidan Hajiya Kulsumi riga ta ƙi shigarta a ƙirji da ciki, wai har ta suma, wai wata biyu kacal tsakanin awo da biki, mai hankali ya lissafa. Tana so in gaya mata abin da na gani, tunda ni na taɓa jikin.

Na ce ta ɗauki turmin ta tafi.

Mutanen garin nan ba su da aikin yi.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Yadi bakwai a kan tebur. Ban yanka ko ɗaya ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Munira ta zo gidana. Ba ta zauna ba, ban ce ta zauna ba.

Ta ce maganar ta kai kunnen ango, uwarsa ta ce sai an kai Salwa asibiti an gwada, yarinyar ta koma gidansu tun jiya ta kulle kanta a ɗaki. Ta ce ita ta je har gidan angon ta rantse masu cewa ita ce ta yi kuskuren yanka, amma sun ce rufa wa Hajiya asiri take, don mai kawo mata ɗinki ce.

Sai ta buɗe jaka ta nuna mini gefen takardar awon da na ba direba, ta mayar.

“Shekara shida ina karanta rubutunki, Riskuwa. Ban taɓa ganin takwas ɗinki ta zama shida ba. Ranar da na ga zif ya tsaya na gane.”

Na ce mata in ta isa ta kai. Ta ce takardar ita kaɗai ba ta wanke kowa, za a ce awon Agusta ne na gaskiya, yarinya ce ta ƙaru. Abin da zai wanke Salwa yana cikin littafina na awo, kuma ni na san haka.

Na tambaye ta zanena fa. Ta ce ta ɗauka, ta san ta ɗauka, tun ranar da na bar shagon mata suka daina tambayarta sai ni, ta ji tsoro. Ta faɗe shi a tsaye, a tsakar gidana, babu kowa sai kaji. A falonta kuwa maza uku ne shaida.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Ba ni na ce ta ƙi cin abinci ba. Ba ni na kawo ƙanwar uban ango ɗakin ba. Ba ni na

Alhamis, bayan azahar

Na gaya wa Malam. Ya ce ƙazafi ga yarinya mai mutunci ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya haƙa ramin yana da kaso ko bai tura kowa ba. Ya ce zai raka ni. Na ce a'a, wancan karon kai ni aka yi, wannan da ƙafata zan je.

Ba don Munira ba. Ni da Munira har yanzu muna da magana, kuma idon homa nawa ne ko duk garin nan zai daina gaishe ni.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan magariba

Na je.

Na buɗe wa Hajiya Kulsumi shafin Salwa a littafin awo, da kwanan watan Agusta a sama, na gaya mata abin da na rubuta a takardar direba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki waya ta kira ƙanwar uban angon da uwarsa, ta ce su zo yanzu. Har suka iso ko ruwa ba a kawo mini ba.

Da suka zo aka fito da Salwa. Ta rame. Hajiya ta miƙa wa ƙanwar uban angon tef, ta ce ta auna da hannunta. Ƙirji talatin da bakwai da rabi. Ƙugu talatin da ɗaya. Ta dubi littafin, ta sake aunawa. Sannan na maimaita a gabansu abin da na gaya wa Hajiya, ban rage ba. Uwar angon ta yi salati, ta jawo Salwa jikinta tana cewa ɗiyata ki yahe muna. An ce gobe za su zo su mayar da ita ɗakinta.

Na ɗauki jakata. Na san kafin in kai gida labarin ya riga ni, kuma yadin nan bakwai za su bi hanyar da suka zo.

A bakin ƙofa Salwa ta biyo ni. Ba kuka take ba. Ta tsaya tana riƙe da labule, ta ce, “Anti Riskuwa, ni mi na yi maki?”

Sati biyar ina shirya amsar da zan ba kowa a garin nan, Munira, Baba Hodi, Malam, matan waya, har Inna. Ban shirya tata ba. Na tsaya ina kallonta har mai mashin ya gaji ya yi mini hon.